Daga Agadas zuwa Makarfi: Yadda kiɗan jita ya shigo wayoyin matasan ƙasar Zazzau

Rake na je saya ranar da na fara ganin bidiyon. A Makarfi ne, lokacin hunturu, motoci sun yi layi ana yi musu lodi. Cajin wayata ya ƙare, sai na miƙa ta a wani shagon caji da ke bakin hanya, irin shagon da ake tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori.

Mai shagon ya saki wani bidiyo a kwamfutarsa. Mutum huɗu ne a ciki, uku sun sha rawani irin na Abzinawa, na huɗun Bature ne. Na gabansu dogo ne, bahago, yana riƙe da farar jita mai amfani da lantarki. Ya yi baiti biyu ko uku ya rufe baki, ya bar yatsunsa suna magana har tsawon mintuna.

Kafin a gama, mutum shida sun taru a ƙofar shagon, har da wani ɗan acaɓa da ya bar mashin ɗinsa a kunne. Wani dattijo da ya zo karɓar wayarsa ya tsaya ya saurara, sannan ya tambaya ko gurmi ne aka jona wa wuta.

Babu wanda ya san sunan makaɗin a cikinmu. A kwamfutar, sunan da aka sa wa bidiyon shi ne "Buzaye 3".

Daga baya na gano Mdou Moctar ne, ɗan Jamhuriyar Nijar, wanda a yau jaridun Amurka da Ingila ke lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Abin da yake kaɗawa kuwa shi ne abin da Turawa ke kira rok.

Tun daga ranar nake leƙa irin waɗannan shaguna duk lokacin da aiki ya kai ni Makarfi, Hunkuyi ko Ikara. Kada mai karatu ya ɗauka kiɗan ya mamaye yankin. Har gobe abin da aka fi nema shi ne waƙoƙin su Hamisu Breaker, Ado Gwanja, Umar M. Shareef da Rarara, sai ƙasidu da waƙoƙin Indiya. Amma a kusan kowane shago akwai wata 'yar jaka ta kiɗan jita, kuma akwai masu zuwa takanas domin ita.

A Sakkwato aka fara

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin Mdou Moctar shi ne yadda ya biyo ta ƙasarmu kafin duniya ta san shi.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, kuma a yankin Abalak na Jihar Tawa ya tashi. Gidansu gidan addini ne da ba a maraba da kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

A shekarar 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Wanda ya saurari kundin zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci: an gyara murya da na'ura ta yi siririya, ganga ma ta na'ura ce. Harshen ne kawai Tamashek.

Ba a kai kundin kasuwa yadda aka saba ba. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo, ta Bluetooth da memori, har ya kai Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ci karo da waƙar Tahoultine. Ya saka ta cikin wani kundi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin salular Sahara. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar, domin ita ma ba ta zo da cikakken suna ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2015 ya fito a wani fim da aka shirya a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. A 2021 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar masa da kundin Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice. Duka biyun suna magana kan halin da Afirka ke ciki da kuma ɓarnar mulkin mallaka, musamman ta Faransa, wadda ta kwashe shekaru tana haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar da dama ba su san wutar lantarki ba.

Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a watan Yulin 2023, shi da abokan kiɗansa suna Amurka suna wasa. Rufe iyakoki da aka yi ya sa suka maƙale a can na wani lokaci.

Ƙofar da ke kai mutum ga tsofaffi

Wanda ke da data ya nemi Mdou Moctar a YouTube, ba a nan zai tsaya ba. Manhajar za ta miƙo masa Bombino, ta miƙo Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012 da kundinsu Tassili, daga nan sai ya tsinci kansa gaban wani baƙar fata Ba'amurke da ɗankwali ɗaure a goshi, shi ma bahago, a taron Woodstock na 1969. Jimi Hendrix ke nan, wanda ya rasu a 1970 yana da shekara 27.

Wannan hanyar da matashin Ikara ke bi a waya yau, ita makaɗan Agadas suka bi da kaset ɗin bidiyo. Bombino, wanda sunansa Omara Moctar, yana yaro rikicin tawayen 1990 ya kore su zuwa Aljeriya. A zaman gudun hijira, can da kuma Libiya, shi da abokansa suka riƙa kallon bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits, suna maimaitawa har yatsunsu suka iya.

Jita ba abin wasa ba ce a wurinsu. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, hukumomi sun ɗauke ta a matsayin alamar 'yan tawaye, an kashe biyu daga abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Sai a farkon 2010 ya koma gida, ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da amincewar Sarkin Abzin. Bidiyon wannan wasa yana cikin waɗanda na fi so. Hoton ba shi da kyau sosai, ƙura ta tashi, sautin ma yana karcewa, amma fuskokin mutanen da suka shekara biyu cikin fargaba sun isa kallo.

A 2013 Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya shirya masa kundin Nomad a birnin Nashville, kuma kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka saka cikin masu takarar Grammy.

Shi kansa rok ɗin, idan aka bi salsalarsa, jikan kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, waɗanda aka kwashi kakanninsu bayi daga Afirka ta Yamma. Daga kiɗansu na bulus da waƙoƙin coci ya tsiro a shekarun 1950, a hannun irin su Chuck Berry da Little Richard, kafin samarin Ingila su ɗauka su yayata shi. Saboda haka tambayar dattijon nan ta Makarfi ba ta rashin sani ba ce. Kunnensa ne ya gane dangi.

Najeriya ma ta taɓa yin nata

Da yawa daga matasan da na zanta da su sun ɗauka rok kayan Turawa ne zalla, sai Abzinawa da suka ara. Ba su san an yi zamanin da Najeriya ke da nata ba.

Bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyin samari masu jita sun cika ƙasar. Akwai The Funkees da The Hykkers, akwai BLO a Legas, akwai Ofege, 'yan makarantar sakandaren St. Gregory da suka fitar da kundin Try and Love suna ɗalibai. A Kano akwai Elcados. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya tare a Legas ya buɗe situdiyo, kuma a Legas ɗin Paul McCartney ya naɗi mafi yawan kundin Band on the Run a 1973.

Nan kusa da mu, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda ba ta da nisa da Hunkuyi, Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar Unibello Brothers yana ɗalibi. Iyayenmu sun san muryarsa a shirin talabijin na Cock Crow at Dawn.

Abin takaicin shi ne, fayafayan nan yawancinsu a waje aka sake tattara su. Wani kamfanin Ingila, Soundway, ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008, wani na Amurka, Now-Again, ya fitar da Wake Up You! a 2016. Ɗan Najeriya da ke son jin abin da samarin ƙasarsa suka kaɗa shekara 50 da suka wuce, sai ya bi ta hannun baƙi.

Me ya sa na Agadas ya fi shiga?

Na gwada nuna wa wasu abokaina a Ikara bidiyon Queen a taron Live Aid na 1985, wanda ake yawan cewa ba a taɓa wasa irinsa ba. Sun yaba yawan jama'ar da ke filin Wembley, suka yi dariyar singiletin mawaƙin, shi ke nan. Da na saka Etran de L'Aïr, wata ƙungiyar 'yan uwa da ke kiɗan biki a Agadas tun 1995, sai ga ƙafafu suna motsi.

Dalili na farko a kunne yake. Kiɗan Abzinawa yana zagayawa ne kan 'yan muryoyi kaɗan, yana maimaita kansa yana ƙara zafi, ga tafi, ga amshi. Wanda ya tashi da gurmin Haruna Uji, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko kukumar Garba Supa da Hassan Wayam, ba zai ji shi baƙo ba. Tal National ta Yamai ma har da Hausa take waƙa, tare da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek.

Dalili na biyu a ido yake, kuma ina ganin ya fi na farkon ƙarfi. Bidiyon rok na Turawa da yawa ba ya kalluwa a gaban manya: gashi buzu-buzu, ƙirji a waje, wani lokaci har da abin da ya fi haka. Mutanen Agadas kuwa da shadda da rawani suke hawa dandamali, ko a Yamai ko a Landan. Yaro zai iya kallonsu a zaure babansa na zaune, ba wanda zai ce masa kashe.

Ni kaina ba duka nake iya ji ba. Akwai nau'in rok mai kururuwa da ko minti ɗaya ban iya kaiwa. Kuma Bahaushe mai son magana ne a waƙa. Idan ba ya jin abin da ake faɗa, da wuya ya daɗe. Wannan ne ya sa nake shakkar kiɗan zai wuce 'yan tsirarun masoyansa.

Sai dai akwai abin da yake tonowa. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya karɓe waƙar Hausa. Mutum ɗaya a situdiyo shi ne mai kalangu, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge, duk a kan allo ɗaya. A gidajen biki kuma DJ ya maye gurbin makaɗa. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, kuma zai yi wuya ka samu matashi a Kudan ko Paki da zai ce maka kuntigi yake koyo. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 zai iya girma bai taɓa ganin yatsa na taɓa tsirkiya a gabansa ba.

Na lura ba waƙar ce ke tsayar da mutane a ƙofar shagon caji ba. Hannun suke kallo. Idan kyamara ta matso kan yatsun makaɗin, sai ka ga kawuna sun matso su ma. Makwabtanmu sun ɗauki kayan kiɗan baƙi sun koya masa yaren gida, har matansu sun shiga: Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad daga wani ƙauye take a yankin Abalak, kuma ta zaga Turai da Amurka da jitarta. Mu kuwa namu na gado ma muna nema mu bar shi a gidan tarihi.

Kuɗin data da sunan mai waƙa

Kallon wasa guda na minti 30 a YouTube yana cin data da ɗan acaɓa ko mai yankan rake zai yi tunani sau biyu kafin ya kashe, ga kuma matsalar sabis da zarar an bar bakin titi. Shi ya sa har yanzu masu turi ke da kasuwa. Mutum ɗaya ya sauke, ɗari su karɓa, wasu kuma su raba wa abokai ta Xender.

Makaɗin ba ya samun ko sisi daga wannan, gaskiya ne. Amma ta wannan hanyar aka san Mdou Moctar tun farko. Asarar da ta fi damuna ita ce ta suna. Bidiyo na wucewa hannu goma, sunan mai shi ya goge, a bar shi da lamba. Wanda ya ji ya so ba shi da abin da zai rubuta ya nemi ƙari.

Da na koma Makarfi bayan sallah, na tarar jakar ta ƙaru zuwa bidiyo 14. Muka zauna da mai shagon muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa yana rubutawa: biyar na Mdou Moctar, huɗu na Bombino, biyu na Tinariwen, ɗaya na Dire Straits da ya ɓata hanya ya faɗo cikin Abzinawa. Sauran biyun wasan biki ne da aka ɗauka da waya, wasu samari uku da jita da ƙaramin janareto a bayansu. Na tura wa wani abokin aiki a Maraɗi ko zai gane su, ina jiran amsarsa.