Ƙanjamau da mantuwa: maganin ne ke taɓa kai, ko cutar?

Daga tashar Kwanar Dangora zuwa ƙauyukan Doguwa da ke bayan dajin Falgore, ba wuya ka ji ana raɗa cewa ƙwayoyin da asibiti ke ba masu ƙanjamau su ne ke juya musu kai. Wasu kuma in sun ga magidanci ɗan shekara 35 ya fara manta cinikin da ya yi jiya, tafiyarsa ta yi nauyi, ya janye daga hira, sai su ce iska ce ko sammu. Maganar farko ta fi damuna, domin tana sa mutum ya ajiye abin da ke kare masa hankali.

Gaskiya ne cutar tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 1986, shekarar da Nijeriya ta ba da rahoton masu ita na farko, Richard Price da abokan aikinsa a Amurka suka yi bayanin wata ruɗewar hankali mai kama da gigin tsufa da ke kama masu ƙanjamau, alhali ba su tsufa ba.

Sai dai ba yadda ake faɗa ba ne, wai ƙwayar cutar tana cinye ƙwaƙwalwa kamar yadda gara ke cin azara. Ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da jini ya kawo. Ƙwayar cutar takan ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini ta ƙetare shingen, tun a makonnin farko na kamuwa. Da ta shiga, ba ta zama a cikin ƙwayoyin jijiyar da muke tunani da su. Wurin masu shara da gadin ƙwaƙwalwa take sauka, waɗanda ake kira maikurogiliya, daga can ake ta zubo furotin ɗinta. Biyu sun fi ɓarna: gp120 da ke jikin rigarta, da Tat wanda take ruɓanya kanta da shi. Suna sa ƙofofin ƙwayar jijiya su zauna a buɗe, sinadarin kalsiyam ya yi ta kwarara ciki. Duk manomin rani da ke shan ruwan Tiga ya san abin da ke samun tumatir in an bar ruwa ya kwana a fangali. Haka rassan jijiyar ke lalacewa, saƙo ya riƙa yin jinkiri. Masu gadin ma sukan harzuƙa su jawo kumburi. A 2005 kuma aka gano Tat yana hana aikin sinadarin da ke share amiloyid, dattin nan da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer.

To ina zargin magani ya samo asali? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan yana da ɗan tushe. Efavirenz, wanda aka daɗe ana bayarwa, yakan jawo jiri da munanan mafarkai da rashin barci, musamman a makonnin farko, wasu har da damuwa. Wanda ya sha ya ji haka ba ƙarya yake yi ba. Tun wajen 2018 Nijeriya ta fara mayar da mutane kan haɗin da ke da dolutegravir. Shi ma yakan hana wasu barci, amma wannan abu ne na gaya wa likita. Maganin ma shi ne ya rage ɓarnar: kafin zuwan haɗin magunguna a 1996, ruɗewa mai tsanani ta yi yawa a cikin waɗanda cutar ta kwantar. Wani babban bincike na Amurka a 2010, kan masu cutar 1,555, ya same ta a kashi 2 cikin 100 kawai. Kusan rabinsu dai suna da rauni mai sauƙi a tunani, da yawa ba su ma lura ba, kuma ana iya samun Tat a ruwan ƙwaƙwalwa ko da cutar ta kwanta a jini. Shi ya sa fara magani da wuri ya fi, kafin ɓarnar ta yi nisa.

Masu nuna tsoho mai gigi da baki wai ƙanjamau ce kuwa, su ji tsoron Allah. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu cutar a Kano ba su kai mutum 1 cikin 100 na manya ba. Shekaru da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki sun fi kawo mantuwa nesa ba kusa ba.

Mantuwar ƙanjamau a hankali take zuwa, cikin watanni. Idan mai cutar ya rikice cikin 'yan kwanaki, ga ciwon kai mai tsanani, ga zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ko farfaɗiya, galibi wata cuta ce ta samu ƙofa, kamar tibi ko sanƙarau irin na masu raunin garkuwa, kuma suna da magani. A yi masa addu'a a cikin mota, a nufi babban asibitin Tudun Wada ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ranar, a tafi da katinsa da robar maganinsa.