"Pole Pole": Kalmar Jagora a Dutsen Kilimanjaro

Wanda ya hau Kilimanjaro, watau dutsen nan na ƙasar Tanzaniya mai tsawon mita 5,895, yakan sauko da kalmar Sawahili guda a bakinsa: pole pole, ma'ana sannu a hankali. Jagorori ba sa gajiya da maimaita ta, kuma suna da hujja. A ƙololuwar dutsen, numfashi guda ba ya kawo wa jiki sai kimanin rabin iskar oksijin da ake samu a bakin teku, jiki kuwa sai da kwanaki yake sabawa. Mai gaggawa yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya. In ya yi taurin kai ya ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhunsa, ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, sa'an nan babu abin yi illa a sauko da shi nan take. Shi ya sa masu bin hanyar Lemosho ta kwana takwas suka fi masu bin Marangu ta kwana biyar kaiwa ƙololuwa.

Kayan tafiya ma ba abin rainawa ba ne: takalmi mai ƙarfi wanda ƙafa ta saba da shi, da rigunan sanyi bisa juna, da tocila, domin hawan ƙarshe da tsakar dare akan fara shi. Sai dai galibin kayan 'yan dako ne ke ɗauka, har kilo 20 kowannensu, alhali wasunsu ba su da suturar da ta kai ta baƙin da suke yi wa hidima.