Bidiyon Damargu da Taskar Commons: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Duk wanda ya ɗauki bidiyo da salularsa a kasuwar dabbobi ta Tanut ko bakin wata rijiya a Tarka, kusan tabbas fayil ɗin MP4 ne. To, Wikimedia Commons, taskar da Wikipedia ke ɗibar hotuna da bidiyo a cikinta tun 2004, ba ta karɓar MP4. Taska ce mai fayil sama da miliyan 100, amma tsarin da ya cika wayoyin duniya ba ya shiga. A farkon 2014 an kaɗa ƙuri'a tsakanin masu aikin sa kai kan ko a buɗe masa ƙofa, mafi yawa suka ƙi.

Dalilin yana cikin fayil ɗin. MP4 kamar buhu ne, hoton da ke ciki kuwa an matse shi da wata dabara mai suna H.264, wadda kamfanoni suka yi wa rajistar ƙirƙira suna karɓar kuɗi a kanta. Masu taskar suka ce abin da aka ba duniya kyauta bai kamata sai da mabuɗin wani a buɗe shi ba. Ni dai ina ganin gaskiyarsu, ko da yake mai ƙaramar waya da intanet mai rarrafe shi ya fi jin jiki.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki: tsohon tsarin faifan VCD, wanda finafinan Kano suka cika kasuwannin Damagaram da shi, wato MPEG-1, ana karɓarsa. Haka MPEG-2 na faifan DVD. Rajistar ƙirƙira shekara 20 take yi, tasu kuma ta ƙare. MP3 ma sai da tasa ta ƙare a 2017 aka bar shi ya shiga. Sai dai a lura, tsarin ne ya kuɓuta, fim ɗin da ke kan faifan yana nan hannun masu shi.

WebM shi ne tsarin da aka fi so a taskar. Google ya fitar da shi a Mayun 2010 bayan ya sayi kamfanin On2, ya saki dabararsa ta VP8 kowa ya yi amfani da ita ba ko sisi. Kamfanin nan dai shi ya ba da dabarar da aka gina Theora a kanta, tsohon tsarin kyauta da ya riga WebM.

Bayan tsarin fayil, ƙofa ta biyu ita ce izini. Lasisin Creative Commons ya fito a Disambar 2002, amma ba kowane irinsa ake karɓa ba. Ka ce "a yi amfani da shi, ban da kasuwanci", an ƙi. Ka ce "kar a taɓa shi, kar a yanka", an ƙi. Wanda ake so shi ne mai cewa a ɗauka, a gyara, har a sayar, muddin an ambaci sunanka. Kuma in ka bayar, ka bayar ke nan, ba a janyewa. Mutum ya yi tunani kafin ya danna.

Waƙar wani da ke tashi daga rediyon mai shayi a bayan bidiyonka ta isa ta sa a goge shi, don mai waƙa yana da haƙƙinsa. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da wannan.

Wani aikin kuwa ba ya buƙatar izini, don ya riga ya zama na kowa. A Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Damargu tare da ayari daga Abzin, a Tagelel kuma suka rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Barth ya mutu a 1865, saboda haka abin da ya rubuta da taswirorinsa sun zama na kowa. Jean Rouch kuwa, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar fim a Nijar, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Dokar ƙasarsa Faransa tana kare aiki shekara 70 bayan mutuwar mai shi, saboda haka finafinansa ba su zama na kowa ba tukuna. Hoton Damargu daga sararin samaniya da hukumar NASA ta ɗauka shi ma na kowa ne, don aikin gwamnatin tarayyar Amurka ba a mallakarsa. Wato an ba duniya Damargun matafiyi da Damargun tauraron ɗan Adam, ta mutanen wurin ce ke kwance a katin waya, ta bi WhatsApp kwana biyu, wayar ta lalace ta tafi da ita.

Abin ɗauka kuwa yana nan: raƙumi na jan igiyar wasaki daga rijiya mai zurfi, yaro a bayansa yana jiran kiran mai karɓar guga kafin ya juyo, mata na sussukar gero bayan kaka, Dagirawa da Buzaye da Fulani da Hausawa a kasuwa ɗaya. Gasar Wiki Loves Africa, da aka fara a 2014, tana karɓar bidiyo, akwai kuma manhajar video2commons mai mayar da MP4 zuwa WebM.

Matasan Tanut da Belbeji, ku nemi yardar wanda za ku ɗauka, ku rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauka, ku ɗora da sunanku.