Babi na Uku: Agar-agar da Amfaninsa Wajen Girki da Narkewar Abinci

3.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan agar-agar, wato wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku wanda ke sa ruwa ya daskare. Za a dubi asalinsa da yadda ake girki da shi, sannan a tsaya a kan abin da yake yi a cikin ɗan Adam. Da yake ƙasar Hausa ba ta iyaka da teku, Bahaushe bai raɗa masa suna ba, don haka aka bar shi da sunansa na asali, wanda ya fito daga harshen Male.

3.2 Asalinsa

Ciyawar da ake magana a kai dangin gansakuka ce, sai dai ita ja ce, kuma a ruwan gishiri take fitowa. Iri biyu aka fi amfani da su, masana na kiransu Gelidium da Gracilaria. Ana samun na farko da yawa a gaɓar tekun Maroko, na biyun kuwa nomansa ake yi a ƙasashe irin su Indonesiya da Chile.

Mutanen Japan suna kiransa kanten. Tarihin baka na can ya nuna cewa a ƙarni na 17 wani mai masauki a Fushimi, kusa da Kyoto, mai suna Minoya Tarozaemon, ya zubar da ragowar dafaffiyar ciyawar a waje lokacin hunturu. Da dare ta yi ƙanƙara, da rana ta narke, har ruwan ya tsiyaye, ya bar wani busasshen abu fari maras ƙarni. Har yau wasu masu sana'ar a Japan da wannan dabara suke aiki. A kasuwa ana sayar da shi gari ko sanda ko zare-zare, a jikin kayan gwangwani kuma da lambar E406 ake nuna shi.

3.3 Amfaninsa Wajen Girki

Kafin a fahimci agar-agar sai an kwatanta shi da jelatin. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ya kwana ya daskare, to ya ga jelatin, domin daga fata da ƙashin dabbobi ake fitar da shi. Matsalarsa ita ce da zafi ya kai kimanin digiri 35 a ma'aunin Salshiyas sai ya narke. Shi kuwa agar-agar ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, idan kuma ya narke ba ya sake daskarewa sai ya huce zuwa tsakanin 32 da 40. Wannan tazara ita ce sirrinsa. Ma'ana, yana kamawa ba tare da an sa shi a firji ba, kuma da zarar ya kama, ko zafin bazara irin na Sakkwato bai isa ya narkar da shi ba.

Yadda ake aiki da shi ba wuya. Ana zuba kimanin ƙaramin cokali ɗaya na garin a kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya tafasa na 'yan mintoci, sannan a sa sukari ko madara, a juye a mazubi. Wajibi ne ya tafasa. Ruwan ɗumi ba ya narkar da shi. Idan za a sa abu mai tsami kamar lemon tsami, sai bayan an sauke, domin tafasa shi tare da tsami na karya masa ƙarfi. Bugu da ƙari, ɗanyar abarba da gwanda suna hana jelatin kamawa saboda sinadaransu masu narkar da furotin, amma shi agar-agar ba furotin ba ne.

A Japan da shi ake yin yokan, wata alewa ta jan wake da sukari. A Filifin gulaman suke ce masa. Musulmin kudancin Indiya kuwa sukan haɗa shi da madara su yi buɗa-baki da shi a watan azumi. A ganin mai wannan nazari, nan ne ya fi shafar Bahaushe, domin kaso mai yawa na jelatin ɗin da ake yi a duniya daga fatar alade yake, alhali agar-agar tsiro ne, babu shubuhar yanka a kansa.

Ba a madafa kaɗai ya tsaya ba. A 1881 wata mata mai suna Fanny Hesse, wadda ta san shi wajen girki, ta ba mijinta Walther Hesse shawarar ya raini ƙwayoyin cuta a kansa maimakon jelatin da ke narke masa. Robert Koch ya ambace shi a rubutunsa na 1882 kan ƙwayar tarin fuka. Har yau a kansa ake shuka fitsari ko majina a ɗakunan gwaji na asibitoci.

3.4 Agar-agar da Narkewar Abinci

Kimanin kashi 80 cikin ɗari na busasshen agar-agar harza ce, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, kamar dusa. Jikin mutum ba shi da sinadarin da zai farfasa shi, saboda haka kusan ba ya ƙara wa jiki ƙiba ko kuzari. Abin da yake yi shi ne ya tsotse ruwa ya kumbura, ya ratsa hanji a haka, ya sa bayan gida ya yi yawa ya yi laushi. Shi ya sa aka daɗe ana shan sa don maganin taurin bayan gida. Har ila yau, wanda ya ci shi kafin abinci yakan ji ƙoshi da wuri, dalilin da ya sa masu neman rage ƙiba a Japan suka rungume shi ke nan.

Wani abin sha'awa shi ne binciken da aka buga a mujallar Nature a 2010. An gano cewa wata ƙwaya da ke zaune a hanjin wasu mutanen Japan, mai suna Bacteroides plebeius, ta samo ikon farfasa sinadaran jar ciyawar teku daga ƙwayoyin da ke rayuwa a cikin teku. Ke nan abin da al'umma ta daɗe tana ci yana iya sauya halittun da ke hanjinta.

Sai dai kumburin nan da yake magani, shi ne kuma haɗarinsa. Wanda ya afa garin a bushe, ko ya sha shi da ruwa kaɗan, zai iya kumbura masa a maƙogwaro ko a hanji ya toshe hanya, wani lokaci har sai an kai ga asibiti. Don haka bai dace mai wahalar haɗiya ko mai toshewar hanji ya sha shi ba. Haka nan, da yake ba ya narkewa a baki kamar jelatin, sai an tauna, ya kamata a yayyanka shi ƙanana kafin a ba yara da tsofaffi. Mai shan wasu magunguna kuma ya ba da tazara tsakaninsu, domin harza na iya rage yawan maganin da hanji zai tsotsa.