Kashin Jinin Kaji: Sunansa, Asalinsa da Rigakafinsa

Kiwon kaji daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa. Amma kiwon zamani, watau na tara kaji masu yawa a ɗaki guda, irin wanda ake yi a unguwannin Sakkwato kamar Arkilla, ya ba wata cuta ƙarfin da ba ta da shi a kiwon sake. Makiyaya na kiranta kashin jini, likitocin dabbobi kuwa koksidiyosis. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sunan Hausa ya kama alama guda ce kawai, kuma mai jiran ganin jini ya makara.

Wata ƙwayar halitta mai suna Eimeria ke haddasa cutar, ba a kuwa ganinta sai da madubin likita. Iri-iri ce, kowane iri da sashen hanjin da yake ci. Eimeria tenella, wadda masana biyu na Faransa, Railliet da Lucet, suka bayyana a 1891, ita ke fasa jijiyoyin wasu 'yan jakunkuna biyu na ƙarshen hanji, jini ya fito. Waɗansu ire-iren kuwa ba su kawo jini. Sai dai a ga kaza ta takure, gashinta ya tashi, tana ci ba ta ƙiba.

Ƙwan cutar yana fita ne cikin kashin kaza, amma ba ya kama wata nan take. Sai ya sami danshi da ɗumi da iska, sa'an nan ya nuna cikin kwana 1 ko 2. Kazar da ta tsince shi za ta soma zubar da sababbin ƙwai cikin kwana 4 zuwa 7. 'Yan tsaki masu mako 3 zuwa 6 su ne aka fi yi wa ɓarna. Saboda haka damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin haɗari a Sakkwato. Har ila yau, ko da bazara ƙarƙashin mazubin ruwa mai yoyo ya ishi ƙwan nuna.

Rigakafi ke nan ya fito fili. A shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa ko garin katako, a kwashe inda ya jiƙe. A ɗaga mazubin ruwa da na abinci, a rage cunkoso, a raba manya da ƙanana. Akwai magunguna irin su amprolium da toltrazuril, amma yawan maimaita guda yakan sa ƙwayar ta daina jin sa. Ya kamata a nemi shawarar masana, kamar na asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A ƙarshe, akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa. Duk bayanin da za a fassara wa makiyaya, a rediyo ko a takarda, wajibi ne ya faɗa musu cewa kashin jini yana iya zuwa ba jini, kuma daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yake farawa.