Laccar Girmamawa a Jami'a: Asalinta da Abin da Ake Nufi da Ita

Gabatarwa

Daga cikin al'adun da jami'a ta gada tun daga ƙasashen Turai akwai wadda ake keɓe wa malami rana guda, a tara masa jama'a, ya tsaya ya bayyana musu abin da ya daɗe yana nazari a kai. Irin wannan lacca ta sha bamban da wadda ake yi wa ɗalibai a aji, domin ƙofarta a buɗe take ga kowa, ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma yin jarrabawa a bayanta. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ire-iren wannan lacca, da kuma dalilin da ya sa girmamawar da ke cikinta take tafe da nauyi.

Ire-irenta

Laccar girmamawa iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda malami kan gabatar bayan ya kai muƙamin shaihun malami, wato farfesa, don ya buɗe kujerarsa. Wannan tsohuwar al'ada ce. Alal misali, a shekarar 1789 Friedrich Schiller ya yi tasa a Jami'ar Jena ta ƙasar Jamus, inda ya yi magana a kan ma'anar tarihin duniya da amfanin karanta shi. A birnin Faris kuma akwai Collège de France, wadda Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kafa a 1530. A can, duk malamin da aka ba kujera sai ya fara da lacca a bainar jama'a. Michel Foucault ya yi tasa a watan Disamba na 1970. Wannan iri ne jami'o'in Nijeriya suka ɗauka, tun daga ta Ibadan wadda aka buɗe a 1948, har zuwa ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano. Bisa al'ada shugaban jami'a ne ke jagorantar zaman, daga baya kuma a buga laccar a ɗan littafi.

Iri na biyu ya fi yawa a Amurka. A nan ba hawa muƙami ne dalili ba. Jami'a ce kan duba cikin malamanta, ta zaɓi ɗaya ko 'yan kaɗan a shekara waɗanda aikinsu ya yi fice, ta gayyace su su yi wa jama'a jawabi, sa'an nan a ba su lambar yabo. Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. To, amma a wannan wuri ba a barin gwanin ya zauna a yi masa kirari. Shi ne zai miƙe ya nuna gwanintar.

Misali Daga Amherst

Laccar da ta fi nuna abin da wannan al'ada ke iya haifarwa ita ce wadda Chinua Achebe ya gabatar a Jami'ar Massachusetts da ke garin Amherst, ranar 18 ga Fabrairu, 1975. A lokacin yana koyarwa a can, sunansa kuwa ya riga ya zaga duniya saboda littafinsa Things Fall Apart na 1958. Jami'ar ta zaɓe shi ya yi ɗaya daga cikin laccocin shugabanta, waɗanda aka tanada don fitattun malamanta.

Mai sauraro zai zaci baƙon da aka karrama zai yi godiya, ya ba da labarin rubuce-rubucensa, a tafa masa a watse. Achebe bai yi haka ba. Sai ya ɗauko Heart of Darkness na Joseph Conrad, littafin da aka fara bugawa a mujalla a 1899, wanda kuma ake karantar da shi a sassan Ingilishi a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyukan adabi. Conrad ya je Kwango a 1890, zamanin da take hannun Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, kuma masana da yawa suna ɗaukar littafin a kan tonon asirin zaluncin mulkin mallaka.

Hujjar Achebe ita ce, ko da littafin ya soki zalunci, bai ɗauki 'yan Afirka a matsayin cikakkun mutane ba. Ya nuna yadda aka mai da nahiyar fage kawai, wanda a cikinsa ake kallon yadda hankalin wani Bature ya gushe. Ya nuna yadda aka hana baƙar fata magana, sai gurnani da ihu, in ban da wurare ƙalilan. Daga nan ya ce marubucin mai wariyar launin fata ne, ya kuma tambaya ko littafin da ya tuɓe wa wani yanki na bil'adama mutuntakarsu ya cancanci a kira shi babban aiki.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Achebe ya ba da labari daga baya cewa wani dattijon farfesa ya tare shi bayan taron cikin fushi. An buga laccar a mujallar Massachusetts Review a 1977. A 1983 Cedric Watts ya yi mata raddi, yana kare Conrad da cewa ya fi mutanen zamaninsa ganin aibin mulkin mallaka. A 1988 kuwa aka shigar da maƙalar Achebe cikin bugun Norton na littafin, wanda ɗalibai ke amfani da shi. Tun daga lokacin da wuya a karantar da Heart of Darkness ba a kawo wannan muhawara ba. Achebe ya rasu a 2013, amma gardamar da ya tayar ba ta mutu ba.

Nauyin da Ke Kan Mai Lacca

Abubuwa uku ne suka fito daga wannan misali. Na farko, laccar girmamawa bashi ce. Da dukiyar jama'a aka gina jami'a aka kuma ɗauki nauyin binciken malami, saboda haka ranar laccarsa ita ce ranar da zai gaya wa masu dukiyar abin da ya samo. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na biyu, tilas ne ya yi magana yadda wanda ba fanninsa ba zai fahimta, domin a zauren akwai likita da masanin lissafi da ɗan kasuwa da ɗalibin shekarar farko. Na uku, ita ce ranar da muryarsa ta fi tsawo, don haka ita ce ta fi dacewa da faɗin gaskiyar da ba a son ji.

Haɗarin da ke fuskantar al'adar shi ne ta koma biki. Idan malami ya cinye rabin lokacinsa wajen jero sunayen waɗanda yake gode wa, ya cike sauran da lissafin takardun da ya wallafa, jama'a za su tashi da sanin ko wane ne shi, ba tare da sanin abin da ya gano ba. Haka nan, idan mutanen garin da jami'a ke cikinsa ba su jin harshen da aka yi laccar da shi, kuma ba a fassara musu ba, buɗe ƙofar zaure bai amfane su da kome ba.

Kammalawa

Ana auna laccar girmamawa ne da abin da ta bari bayan an kwashe kujeru. Ta Amherst ba ta wuce zama guda ba, amma ta sauya yadda ake karanta littafin da ya shekara saba'in da shida a duniya kafin ranar. Jami'ar da ta ba malaminta wannan dandali ta yarda ke nan ta ji abin da zai faɗa, ko da ita ce zai fara soka.