Yaƙi da kachalla a fadamar Haɗeja da Nguru

Manoma da masunta a fadamar Haɗeja da Nguru, cikin jihohin Jigawa da Yobe, sun daɗe suna fama da kachalla, ciyawar da kan zarce mutum tsayi. Takan toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu ɓarnata shinkafa da gero.

Masana na danganta lamarin da madatsun ruwa na Tiga da Challawa a jihar Kano, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992. A da, fadamar kan cika da damina, ta janye da rani. Da aka soma sako ruwa duk shekara, sai kachalla ta sami gindin zama. Inda ta toshe kogi, ruwa kan malale wasu garuruwa, alhali na gaba suna kukan rashinsa.

Wuta ba ta kashe ta, domin saiwarta na cikin laka. Dabarar da ta fi ci ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen ba zai sami iska ba, har saiwar ta ruɓe. Jama'a kan yi wannan da lauje da adda a aikin gayya, injunan haƙa masu shiga ruwa kuwa su tumɓuke ta, su yashe lakar.

To amma muddin ba a sake bi ba, sai ta dawo. A Senegal, inda madatsar Diama ta 1986 ta jawo irin wannan matsala, ana mayar da ciyawar gawayi. Idan mai yanka zai sami na cefane, ba sai an roƙe shi ya koma baɗi ba.